Muryar Inna Lantana

"Kashe abin nan," in ji Inna Lantana daga kan tabarma.

Jamila ta cusa wayar cikin zane, amma tsohuwar ta riga ta gani. Tun da ciwo ya kwantar da ita, Jamila maƙwabciyarta ce ke kawo mata kunu, don ɗanta tilo, Nasiruddeen, yana koyarwa a Sukukutane. Yau da hantsi tsohuwar ta kama waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda mutanensu na garin Lugu ke kiran Doguwa, aljanar bori, da ita, Jamila kuwa ta danna ɗauka.

"Inna, don tunawa ne kawai."

"Waya taki ta, ɗiyata, amma murya tawa ta. Waƙar ga kira ce. In kin kunna bayan raina, wadda aka kira ta zo ta iske ba ni, wa za ya sallame ta?"

Jamila ta yi alkawarin ba za ta kunna ba. Gogewa ce ta kasa yi.

Ran Laraba da la'asar Inna ta cika. Motar da Nasiruddeen ya shigo ta kafe cikin rairayi, bai iso Dogon Dutsi ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Shi ne ya hana uwarsa waƙar nan tun yana saurayi, har gaisuwarsu ta koma taƙaitacciya.

Da masu gaisuwa suka yi sauƙi, ya yi sallama a zauren su Jamila.

"Malama Jamila, an ce kina da muryarta."

"Waƙar da ka hana ce, Malam."

"Na sani. Ko ita ce, ina son ji." Ya sunkuyar da kai. "Na fara mance yadda take kiran sunana."

"Ta ce kada a kunna."

"Ni ɗanta ne. Ba ni da haƙƙi?"

Jamila ta maimaita masa maganar Inna yadda ta faɗe ta, sannan ta nemo muryar cikin wayar, ta miƙa masa.

Ya daɗe da yatsa a saman gilashin, bai taɓa ba. Jamila ta tsinci kanta tana kallon ƙofar zauren, kamar mai jiran shigowar wani. Hasken wayar ya dushe, ya mutu. Nasiruddeen ya goge ta da hannun riga, ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

Can bayan zana, akuyar Inna tana ta kuka a turke.