Cokalin Katakon da Ya Ɓata

Matar Malam na ɗaure bakin kwali na ƙarshe da igiya, 'yarta Auta ta tsaya a ƙofar ɗaki ta fara magana. Uwar ba ta ɗago ba. Muryar dai ta shiga kunnenta, kamar yadda rediyon maƙwabta ke shiga.

"Kin gama?" ta ce. "Gobe motar Yaya za ta zo. Garinsa za mu koma, can za ki ƙarasa karatunki. Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba."

"Mama, ba ki ma ji abin da na ce ba."

"Na ji. Gardama ce, irin ta ubanki."

Auta ta juya, ta ja ƙofa a hankali. Tun da Malam ya rasu haka gidan ya koma, kowa na bin gefen bango. Matar ta yafa mayafi ta fita. Abu ɗaya ya rage mata: ta je makarantar da ya koyar, inda Auta ke ajin ƙarshe, ta kwaso kayansa, ta kuma sanar cewa za ta cire yarinyar.

Hedimasta ya yi mata gaisuwa ya sake, sannan ya ce kayan na cikin kabad a ajin marigayi. "Suna darasi, amma ki shiga. Ajinsa bai saba rufe wa kowa ƙofa ba."

Ba ta taɓa taka ajin ba. Ta tarar an tura tebura jikin bango, an jera kujeru a da'ira kamar na masu jin ɗumi. Sabuwar malama, yarinya ce ɗanya, tana zaune cikin ɗalibai, sai an duba sosai a gane ta. Kowa da takarda a hannu. Labari suka karanta na wani mutum da ya sare bishiyar da ubansa ya shuka, saboda saiwarta na tsaga bangon gida.

Wani dogon ɗalibi ne ke magana, yana riƙe da cokalin katako.

Matar Malam ta dafa ƙofa. Ta san wannan cokalin. Ga ƙunar gefen nan da ya samu ranar da ta manta shi a bakin tukunya. Shekarun baya ta birkita kicin tana nemansa, ta tuhumi Auta, ta yi sati ba ta gaisa da maƙwabciya ba. Malam na zaune yana kurɓar shayi, abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya bayyana shi."

Dogon ya gama. Wata mai tabarau ta miƙa hannu ta karɓi cokalin, ta buɗe baki za ta fara.

"Ƙa'ida," in ji malama.

Mai tabarau ta yi ajiyar zuciya. "Dogo, ka ce mutumin butulu ne, tunda ya sare abin da ubansa ya shuka."

"Ban ce butulu ba. Cewa na yi ya yi gaggawa."

"Fuskarka ta faɗa."

"Ba fuskata aka ce ki maimaita ba."

Aji ya yi dariya. Ta sake: "Ka ce ya yi gaggawa, da ya nemi wata dabara kafin gatari. Haka ne?"

"Haka ne."

"To ni ban yarda ba. Ku dubi sakin layi na biyu. Bangon da ke tsagewa na ɗakin yaransa ne."

Kawuna suka sunkuya kan takardu. Wani daga gefe ya karɓi cokali, ya maimaita maganarta har ta gyaɗa kai, sannan ya ce ai kowa ya san ana iya datse saiwa a bar bishiya da ranta. Kafin ya rufe baki, rabin ajin suka haɗa murya:

"Gani ka yi, ko gaya maka aka yi?"

Nan take matar Malam ta gane. Wannan tambayarta ce. Ita take yi masa duk ranar da ya shigo gida da labarin waje, yana cire takalmi yana "an ce, an ce".

Sai lokacin malama ta lura da ita. Ɗalibai suka miƙe suka gaishe ta, wani ya kawo kujera. Monitan ajin ya ga inda idonta ya tsaya, ya sosa ƙeya.

"Mama, Malam ya ce cokalin da tambayar duk daga gida ya sato su. Ya ce wata rana zai kawo mana mai kayan."

Malam ya sha kiranta kuwa. Duk farkon zango sai ya ce, "Ki zo mana ki ga yarana." Ita kuma ta ce, "Ni da ban wuce aji uku ba, in je in zauna cikin masu biro? Kai dai ka ci gaba da koya wa 'ya'yan mutane mayar wa manya magana." Ya kan yi murmushi ya ce saurare yake koya musu. Ta ɗauka akwai sauran lokaci.

"Ina Auta?" mai tabarau ta tambaya. "Mun daɗe ba mu gan ta ba." Sai ta karɓi cokalin ta ɗora wa matar a cinya. "Mama, ke me kika gani? Ya sare ko ya bari? Amma fa sai kin fara maimaita abin da ɗan'uwan nan ya ce."

Ta gwada. Ɗalibin ya ce, cikin ladabi, "Kusan haka, Mama." Ta sake gwadawa, a hankali, har ya ce haka ne. Ashe ɗaukar maganar wani ba tare da zubar da rabi a hanya ba, aiki ne ja.

"Ni ban san bishiya ba," ta ce. "Amma kafin ya ɗauko gatarin, ya tambayi mutanen gidan?"

Suka bi takarda layi-layi. Dogo ya ɗago. "Labarin bai faɗa ba."

Matar Malam ta dubi cokalin da ke hannunta. Ta laluba ranta ko za ta samo abin da Auta ta ce da safe, ko da kalma guda. Babu komai sai muryarta ita kanta.

Ba ta buɗe kabad ɗin ba. Ta ce littattafan su zauna inda suke, cokalin kawai take so su ara mata.

"Ai kayanki ne, Mama."

"Ya daɗe da zama naku."

Ta wuce ofishin Hedimasta ba ta shiga ba. A bas ta rufe cokalin da gefen mayafi, ta yi kukanta ba sauti, kwandasta ya yi kamar bai gani ba.

Ta samu Auta zaune kan kwali, tana kallon gurbin ƙusa inda agogon bango ya saba rataya. Uwar ta zauna a ƙasa gabanta, ta sa mata cokalin a hannu. Yarinyar ta shafa ƙunar gefensa da babban yatsa.

"Ƙa'ida ita ce ki fara maimaita abin da na ce da safe," in ji Auta.

"Ban ji ba. Sake faɗa min."

Auta ta ɗago ta dube ta. "Ban ce ba zan bi ki ba. Cewa na yi ina tsoron mu koma inda babu wanda ya san shi. Idan na ce Babana, babu mai tuna fuskarsa sai ni da ke."

Uwar ta maimaita, kalma bayan kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. "Haka ne?"

"Haka ne."

Auta ta miƙo cokalin, uwar ta mayar mata da hannun. "Ci gaba. Na san da saura."

Waya ta fara ƙara a cikin jaka. Auta ta leƙa.

"Kawu ne. Maganar motar gobe."

"Ya jira," in ji uwar, tana gyara zama. "Ba shi ke riƙe da cokali ba."