Mai Aski a Bakin Gadon Baba Dattijo

Ranar da Fasto ya tare mai aski a ƙofar coci ya ce daga yanzu shi zai riƙa ziyartar marasa lafiya yana yi musu addu'a, bawan Allah ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da in'ina ta sa ko reza zai saya sai da nuni! A shagonsa ma masu zuwa aski ke zuba, shi nasa gyaɗa kai.

"Fa... Fasto, a dai sake dubawa."

"Mun duba, mun yi addu'a, kai ne. Ka fara da Baba Dattijo."

Baba Dattijo kuwa shi ya koya masa karatun Littafi Mai Tsarki tun yana ƙarami. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta karkata masa baki, har ya daina yi wa kowa magana.

A gida ya zauna ya rafka tagumi. Matarsa na ninke tawul ɗin shago, ta dube shi ta ce, "Maigida, wa ya mutu?"

Da ƙyar ya kai ƙarshen labarin, ya ƙara da cewa, "Ka... kafin in kai amin, ai mara lafiya ya yi barci."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To ai ya samu hutu ke nan! Ni da ka yi ta fama kafin ka ce kana sona, guduwa na yi? Wanda ya yi bakin nan ya san da shi kafin ya kira ka. Tashi ka sa riga."

Ya tafi da jakar askinsa a hamata, wai in addu'a ta gagara ko gemu ya rage.

Ya tarar da tsohon a kan gado kusa da taga, ga kwalaben magani jere a tebur, 'yarsa na tsaye a kansa. Baba ya ga baƙo, ya motsa leɓe. "Ina... ina so..."

"Ruwa, Baba?" in ji 'yar. "Ko in gyara matashi? Fanka zan kunna?"

Kai, tana son ubanta, wannan ba a magana. Amma tsohon ya runtse ido ya juya wa bango fuska. Mai aski ya san wannan runtse idon sarai, don shi ma ya sha yin sa. Wanda ake ƙarasa wa magana kullum shi ya san zafin abin.

"Ƙanwata, ki... ki ɗan je ki huta."

Ya ja kujera ya zauna, ya riƙe hannun Baba mai lafiyar. "Baba, fa... faɗi. Ba na sauri."

Tsohon ya sake ɗauko maganar. Ta maƙale, ta zame, ya koma farko, gumi na tsatsafo masa a goshi. Mai aski bai ƙarasa masa ba, bai kuma kau da ido ba.

"Ina so... in yi... addu'a. Da... bakina."

Ashe tun da ya kwanta yi masa ake ta yi, ba wanda ya bar shi ya yi tasa.

Suka sunkuyar da kai. Baba ya ja kalma ɗaya, ya huta, ya jawo wata. Inda ya gaji mai aski ya karɓa da nasa bakin, suna tafe suna tuntuɓe har suka kai sunan Yesu. 'Yar na bakin ƙofa ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba. Baba da kansa ya ce amin, ba wanda ya riga shi.

Sai ya matse hannun mai aski. "Kai... Allah... ya aiko."

Mai aski ya buɗe baki zai ce a'a, kalmar ta maƙale kamar kullum. Wannan karon bai yi kokawa da ita ba. Ya share ido, ya buɗe jakarsa ya ɗauko almakashi.