Bangon Malam Alhasan Ya Ƙi Faɗuwa

A Zangon Alhasan, wani ƙauyen Hausawa da ke can gabas a kan hanyar Makka, kudu da garin Kamlin, tsakanin bakin kogi da gonakin auduga, mutum zai yi aure, ya hayayyafa, ya aurar da jikoki, amma ka tambaye shi sai ya ce maka shi matafiyi ne, Makka ya nufa, hutawa kawai ya tsaya yi. Hutun nan ya haura shekara arba'in. Shi ya sa ba a haƙa wa gini harsashi a garin. A share ƙasa, a ɗora laka a kanta hawa-hawa, a rufa, shi ke nan. Wanda ya haƙa rami ya kafa gini, an ce ya kwance niyya. Malam Alhasan, wanda ya fara sauke kaya a wurin, shi ya kafa wannan magana, a kanta kuma ya rasu.

To, a rani na shekarar 1964 sai ga babbar mota ta shigo garin tana nishi, ta juye jan bulo a ƙofar gidan marigayin. Ɗansa Jibirin ne ya sayo. Tsohon ɗakin ubansa ya fara yoyo, shi kuma ya gaji da tara ƙwarya duk damina, ya ce zai rushe ya yi ginin da jikokinsa za su gada.

Ranar garin ya ɗauka. Baba Maliki, aminin marigayi, wanda suka taho tare daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, ya dogaro sandarsa har gaban tulin bulon.

"Jibirin, wanga mi ne ne? Ubanka ya kwanta dama da niyyatai, kai za ka binne ta cikin rami? Ran da kab bizne bulo guda a ƙasa, ƙahwata ba ta ƙara taka gidanga."

Jibirin ya durƙusa, ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Amma maganar ta soke shi, domin abin da yake tsoro ke nan tun kafin kowa ya faɗa: kada ya zama ɗan da ya saɓa wa ubansa bayan ƙasa ta rufe masa ido. Ya je wurin mahaifiyarsa, Inna Kulu, ko za ta sanyaya masa rai. Tsohuwa tana tsince waken kofi a faifai, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ku dai rushe," in ji ta. "Ku aje mini kujera inda zan gani."

Ranar gayya tun hantsi bai ɗaga ba gidan ya cika. Matasa sun tuɓe riguna, mata sun ɗora tukwane, wani ya zo da ganga ba a ma gayyace shi ba. Jagoran aiki shi ne Mato, ɗan gajere mai faɗin ƙirji da faɗin baki, wanda ke alfaharin ya kayar da ɗakuna sittin ba a taɓa ko gurje masa ɗan yatsa ba.

"Ku saurara, ya jama'a!" ya hau kan turmi yana faɗa. "Rushe ba hauka ba ne. Mahaukaci shi ka hwarawa daga ƙasa. Daga bisa ake tuɓe ɗaki, yadda ake tuɓe riga."

Haka aka yi. Aka hau aka kankare ƙasar rufi, aka naɗe zana, aka zare azara ɗaya bayan ɗaya ana miƙa wa na ƙasa, Mato na ihu kada a karya ko guda, don azarar da ta yi shekara arba'in gara ba ta ci ba ta fi sabuwa. Aka ciro ƙofa da tagogi aka jingine. Kafin a sha kofi na biyu ɗakin ya tsaya tsirara, bango huɗu da sararin sama. Jibirin ya ɗauki azarar da ke daidai kan gadon ubansa, daɗi da fargaba suka cakuɗe masa.

Saura bango. Wannan kuwa Mato ya ce wasan yara ne. Jakuna suka yi ta jido ruwa daga magudanar gona, ana kwarara a gindin bangon gabas har wurin ya zama taɓo. Aka huda saman bangon, aka zura igiya, aka ɗaura ta a gungumen icce ta baya.

"Bangon garinga zaune yake bisa ƙasa kamar baƙo," in ji Mato. "Ka jiƙa mai gindi, ka ce mai bismilla, sai shi tashi. Yalla, maza ku kama!"

Mutum ashirin suka kama. Ganga ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, aka ja. Bango ko gezau. Aka tofa yawu a hannu aka sake ja. Shiru. Mato ya sauko daga turmi, ya ture na gaba ya kama da kansa, ya ce a ja da sunan Allah. Aka ja har jijiyoyin wuya suka fito, sai igiya ta ce tas! Mutum ashirin suka zube cikin taɓo, jagora a ƙarƙashinsu.

Dariya ta kece, amma ba ta daɗe ba, don Baba Maliki ya miƙe yana nuna bangon da sanda.

"Kun gani! Mai ɗaki bai yarda ba!"

Jibirin ya matso gaba. Ya dubi bulonsa, ya dubi bangon, ya ji kamar ya ce a mayar da azara. Mato kuwa kunya ta hana shi jin tsoro. Ya tashi laka har gira, ya fizgi diga, ya ce shi bango bai taɓa ba shi kunya gaban mata ba. Ya ɗaga ya sara a gindin bangon.

Diga ta yi ƙara, ƙarar da laka ba ta yi. Wani ɗan gutsure ya yi tsalle ya faɗi gaban Jibirin. Ja ne.

Nan fa aka yi caa. Masu fartanya suka kankare yaɓe, masu shebur suka bi gindin bango suna tono. Jan bulo ne jere reras, kamu guda a saman ƙasa an lulluɓe shi da laka, ya kuma nutse ƙasa har gwiwar mutum. Aka zagaya kudu, haka. Arewa, haka. Ɗakin mutumin da ya hana kowa harsashi, a kan harsashi yake zaune.

Sai aka ji dariya daga inuwa. Inna Kulu ce a kujerarta, tana yi har da share hawaye.

"Ni na ɗauko shi a kaina daga wurin masu gasa bulo, bakin ruwa," in ji ta. "Kwana goma sha ɗaya, lokacin cirar auduga, duk gari na gona. Daminar da munka haihi Jibirin, bangon hwarko ya zubo, taki biyu tsakaninai da yaro. Malam ya ce, Kulu, Makka za mu, in Allah ya so. Amma ɗana ba shi ƙara kwana ƙarƙashin bangon da ruwa ka iya turewa. Ya ce kar in hwaɗi, kar mutane su karaya."

Jibirin ya tsuguna cikin taɓon, ya ɗora tafinsa a kan bulon. Shekara arba'in yana kwana a kan wannan abu bai sani ba. Kuka ya zo masa, dariya ta riga shi fita, ya rasa wanda zai yi, sai ya haɗa duka biyun.

Baba Maliki ya tako a hankali, ya ƙwanƙwasa bulon da sandarsa.

"Kai, Alhasan," ya ce. "Kullum tare muke cin tuwo, ashe kai ka riga ka sauka." Ya juya ga Mato. "Mi kake jira? Ka sare laka daga bisa bulo, ka ja. Amma wallahi ka taɓa mini harsashin aminina, ni da kai ne."

Aka sare, aka ƙulla igiya, tsoho ya jefar da sanda ya kama wutsiyarta. A ja na farko bango ya sunkuyo, ya zube da wata irin ƙara, ƙura ta turnuƙe har kan tukwanen mata, garin ya ɗauki kabbara.

Da ƙura ta lafa, Jibirin ya ɗauko bulo guda daga sabon tulin, ya miƙa wa Baba Maliki da hannu biyu. Tsohon ya share kan tsohon layin da gefen rigarsa, ya yi bismilla, ya ɗora shi a kan na Malam Alhasan.