Dakuwar Wambai

Zinariya malamar firamare ce a Ƙofar Wambai. Da ƙullin dakuwa a leda ta fara, tana sayar wa abokan aiki idan an tashi tara. Da ciniki ya buɗe sai ta koma zubawa a robobi masu murfi, ta sa aka buga mata takarda mai suna Dakuwar Wambai. Tun daga nan hutu ya ƙare mata. Daga aji sai suyar aya da gyaɗa, daga suya sai layin inji, ga masu shaguna ba sa barin wayarta ta huta.

Wata Asabar ta je suna Gwallameji, ƙafafunta a kumbure, bayanta na ciwo. Ta samu gefen tabarma ta jingina da bango. Wata dattijuwa da ke kusa da ita ta ciro roba daga jaka ta miƙo mata.

"Ɗanɗana wannan, 'yar nan. Wani babban kamfani ke yin ta a Kano. Duk aikin inji ne, hannu ba ya taɓawa."

Zinariya ta dubi takardar da ta manna da hannunta, har ta ɗan karkace. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ji ba ta da ƙarfin doguwar magana.

"Tana da daɗi, Hajiya?"

"Ƙwarai. Sai dai barkonon ya so ya yi yawa."

"Za su rage," in ji Zinariya.

Kafin a kawo abinci barci ya ɗauke ta a zaune.