Takalmin da Ba Shi da Dama da Hagu

A Ndar, garinmu da ke kan tsibiri, idan la'asar ta yi sanyi, haske yakan kwanta a kan kogi kamar an zuba manja a faranti, tsofaffin benaye su yi jawur har mutum ya manta fentinsu ya ɓare. A irin wannan lokaci ake fita Takusan. Mata su yi shigar sinyar, manyan matan garin nan na zamanin da: ɗaurin kai mai tsini, zane a kan zane, mafici a hannu. Sai su ratsa tsibirin a ƙafa, sannu sannu, kamar ba su da inda za su.

'Yata Penda tun tana goye take kallonsu. Bara Maam Soda, tsohuwar da ke shirya 'yan matan unguwarmu, ta sa ta cikin jerin, amma a keken doki aka zaunar da ita, kusa da wata tsohuwa mai ciwon gwiwa. Da muka dawo gida ba ta yi kuka ba. Ta kwance ɗaurin kanta da kanta, ta ninke, ta ce mini, "Yaay, baɗi da ƙafata zan je."

Ƙafar kuwa ita ce maganar. An haife ta da ƙafar hagu a lanƙwashe, tafin yana kallon ciki. Mun sha zaryar asibiti, a cire mata wannan ɗaurin siminti a sa wancan, har Allah ya sa ta miƙe. Yanzu tana gudu tana tsalle da yara, sai dai ƙafar ba ta kai ta dama girma ba, kuma yatsun ba sa riƙe silifa. Baƙin takalminta mai igiya, wanda likita ya ce a saya, shi take sawa ko ina za ta. Takalmin sinyar kuwa jar fata ce da surfanin zare mai ruwan zinariya, bayansa a buɗe, yatsu kaɗai ke riƙe shi.

Don haka ban jira lokaci ya ƙure ba. Mai irin wannan ɗinki da ya rage a garinmu idonsa ya mutu, kowa yanzu daga wani shago a Dakar yake saye, masu yi wa 'yan fim da 'yan biki kayan zamanin da. Na tsayar da Penda a kan kwalin madara, na zagaye kowace ƙafa da biro, na ɗauki hoto na tura wa mai shagon. Na bi da saƙon murya, na yi bayani dalla-dalla: na hagu ya zama ƙarami, kuma a sa masa siririn maɗauri a bayan dunduniya, ko da za a rufe shi da surfani. Ya amsa nan take, yana kirana Sokhna, wato uwargida.

"Sokhna, kwantar da hankalinki. An gama."

Na tura kuɗi ta waya, na koma sana'ata. Zoɓo da ruwan kuka nake sayarwa a gindin gada. Idan ciniki ya lafa sai in zauna a kan kular ƙanƙara, in zuba wa ruwa ido. Kwasakwasai na sauka a tsakiyar kogi, kwale-kwalen masunta na wucewa da zanensu kala-kala, ni kuma ina ganin Penda tana tahowa a kan ruwan nan, ƙafafunta biyu suna walƙiya, babu wadda ta fi wata. Wani lokaci sai mai saye ya buga murfin kular sannan in farga.

Kayan ya iso a motar haya, a naɗe cikin jarida. Gaskiya ya yi kyau. Da na buɗe, ƙamshin sabuwar fata ya cika ɗakin, zaren kuma yana ɗaukar ido ko a inuwa. Penda ta riƙe numfashi, ta shafa shi da ɗan yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada ya farka. Ni kuwa na haɗa su tafi da tafi. Girmansu ɗaya. Babu maɗauri. Na jujjuya su, na rasa wane ne na dama wane ne na hagu.

Ta sa. Daga bakin gado zuwa ƙofa na hagun ya fita, ta mayar, ya sake fita. Sai ta dunƙule yatsunta da ƙarfi har jijiyar ƙwaurinta ta tashi, ta ja ƙafar, takalmin ya juya gefe, ta zube a kan gwiwa. Kafin in kai gare ta ta miƙe.

"Ban ji ciwo ba, Yaay. Tabarmar ce."

Babu tabarma a wurin.

Na fita tsakar gida na kira shagon.

"Salamu alaikum. Yacine Seck ce daga Ndar, mai takalmin yarinya."

"Seck? Seck kika ce? Allahu akbar, ashe baiwata ce na yi wa aiki ban sani ba! Ni Gueye ne fa. Kin ci shinkafa yau kuwa, ko yunwa ce ta sa muryarki rawa?"

Zuriyar Seck da ta Gueye abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, dariya ake yi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Dole na mayar masa.

"Ku Gueye da ba a barinku kusa da tukunya? Ni dai saurare ni. Takalmin nan girmansa ɗaya, kuma ba ku sa maɗaurin ba."

"Haka na asali yake. Takalmin da ba shi da dama ba shi da hagu, a kan itace ɗaya ake ɗinka shi. Ƙafa ce ke koya masa hanya. Ta yi ta sawa, nan da 'yan watanni zai san ta."

"Takusan ɗin saura mako biyu. Kuma na tura maka hoton ƙafarta."

"Na gani, ƙafa mai kyau, ba irin ta Seck ba, ta gidan ubanta ta ɗauko."

"Gueye, yarinyar faɗuwa take yi."

"To maɗauri kuma? Sinyar da maɗauri kamar 'yar makaranta? So kike a yi mini dariya a Dakar? Mu aikin tarihi muke yi, ba aikin asibiti ba."

Na ji maganar har cikin haƙorina. Da wani ne da na gaya masa abin da zai kwana yana juyi. Amma yana can yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa in gaida masa sauran bayinsa na Ndar, ni kuma al'ada ta ɗaure mini baki. Na ce a canza mini. Ya ce zai duba.

Daga nan sai shiru. In tura saƙo, in ga ya buɗe, ba amsa. In kira, wata yarinya ta ɗauka ta ce ya tafi salla. In sake kira, ya tafi jana'iza. Wata rana ta ce in riƙe, ta ajiye wayar a kan tebur ta manta da ni. Na daɗe ina jin shagon daga nesa: keken ɗinki na ƙara, rediyo na waƙa, wani yana zuba shayi daga sama yana kumfa. Na lumshe ido, na ga jerin jajayen takalma a kan kanta, ɗaruruwa, duk kai ɗaya, kowanne yana jiran ƙafar da ba ta da labari. Katin wayata ne ya ƙare ya dawo da ni.

Sai ana jibi Takusan saƙonsa ya shigo. Ya ce don darajar wasan da ke tsakaninmu, in mayar da takalmin ba tabo ba ƙwarzane, za su duba yiwuwar yin wani bayan biki.

Na je wurin Maam Soda. Na same ta a baranda tana goge 'yan kunne da toka, asuwaki a bakinta. Na roƙe ta ta bar Penda ta sa baƙin takalminta, tunda zane zai rufe.

"Zane yana rufe ƙafa a tsaye, ba ya rufe ta a tafe," in ji ta. "'Yata, na hana agogo, na hana tabarau, jikata ma na cire ta saboda farcen roba. In na bar taki, gobe kowa zai zo mini da takalmin ƙwallo. Akwai wuri a keken doki. Zan sa ta a gaba, kusa da mai tuƙi, kowa ya gan ta."

Ba mugunta ba ce, na sani. Ni kaina zuciyata ta karkata can. A keken doki ba za ta faɗi a gaban mutane ba, ba wanda zai nuna ta da baki. Da na koma gida na gaya wa Penda, har na ƙara gishiri, na ce dokin fari ne. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ɗauki jan takalmin ta mayar cikin jaridarsa, ta naɗe, ta miƙo mini.

"To ki mayar masa. Ni ma zan zauna a gida in taya ki ƙulla zoɓo."

Washegari da hantsi, bayan ta tafi makarantar allo, na shimfiɗa jaridar a kan tabarma. Na ajiye jan takalmi a dama, baƙi a hagu, na yi ta kallonsu. In na taɓa jan takalmin da reza, ba canji, ba mayarwa, kuma mai yiwuwa Maam Soda ta ƙi duk da haka. Na yi bismilla na tsaga.

Fatar saman ta rabu da tafin cikin sauƙi, ashe rabin aikin gam ne. Na ɗora ta a kan baƙin takalmin kamar ana yi wa jariri hula. Ta dama ta zauna daidai. Ta hagu sai da na rage ta ta gefe, na bi bakin surfanin a hankali don kada zaren ya warware. Mijina Malick yana teku wajen Muritaniya, amma ya bar zaren gyaran taru a cikin gwangwani, shi na ɗauka, na aro basilla wurin maƙwabta. Robar takalmin likita tauri gare ta kamar ƙahon sa. Na soke yatsana har na daina ƙirgawa. Igiyoyin na tura su ciki, bayan dunduniya kuma na lulluɓe shi da ragowar jar fatar. Da na gama, abin ya fito da ɗan kauri, kamar sinyar da ta ci ta ƙoshi, amma daga tsaye zinariya kawai ake gani.

Ranar Takusan 'yan mata suka yi layi a tsakar gidan Maam Soda, turaren wuta ya turnuƙe wurin. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga bakin zane da kan maficinta. Da ta iso kan Penda ta ɗaga, ta tsaya. Ta sunkuya har sarƙoƙinta suka taɓa ƙasa. Ni ina bakin ƙofa, yatsuna a naɗe da tsumma.

"Wannan wace sinyar ce mai ƙafar soja?"

'Yan matan suka fara ƙunshe dariya. Penda ta ɗaga haɓa, ɗaurin kanta ya yi tsaye.

"Maam, ba ya fita. Ki ce in je ƙofa in dawo ki gani."

"Ji bakinta. Wa ya tambaye ki?" Ta latsa surfanin da babban yatsa, ta bi ɗinkin, sannan ta juyo ta harare ni. "Yacine, da zaren kamun kifi? Kakanninmu suna jin ki."

"Shi nake da shi, Maam."

Ta ci gaba da tauna asuwakinta. Daga waje masu kiɗa sun fara gwada ganguna, dawakai na buga ƙafa.

"A sauke mata zanen ƙasa kaɗan. Ke kuma, mai bakin tsiya, tsakiyar layi za ki shiga, ba gefe ba. Takalmin sinyar jan ƙasa yake yi, naki ba zai yi ƙara ba, to ki bar na wasu su rufa miki asiri. In kika yi sauri kika tona kanki, ban san ki ba."

Aka fita. Rana ta sauko daidai kan rufin benaye, iska daga kogi tana kaɗa mayafai, mutane sun cika baranda suna leƙowa. Jerin ya shiga titi a hankali, kuma a ƙarƙashin kiɗan ana jin takalman suna shafar ƙasa, shuu, shuu, kamar ruwa na ja da baya a kan yashi. Na bi su ta gefen hanya ina ture mutane da kafaɗa, idona a kan bakin zanenta. Na san kowane rami a titin nan, na san inda dutse ya ɗago a gaban tsohon kantin Faransawa, kuma da suka doshi wurin sai da na sa ƙafa ɗaya a kan titi.

Ta taka dutsen. Ta ɗan karkata hagu, maficinta ya tsaya a iska. Sai ta daidaita, ta buɗe maficin, ta yi fifita sau ɗaya a hankali, ta waiga wajen masu kallo da irin kallon da Maam Soda ta koya musu, na wadda ba ta san da kowa ba. Ko ni ba ta gani ba.

Na janye ƙafata na koma cikin mutane. Wata mata a kusa da ni ta ce wa ƙawarta, "Dubi 'yar ƙaramar can ta tsakiya, ita ko ƙasa ba ta takawa." Na tsaya a nan, na bar jerin ya yi gaba, ɗaurin kanta yana ƙanƙancewa a cikin na manya, har suka kai gindin gada, ita da ƙafarta.