Sunana a Bakin Rifkatu

Ni ba na ɗaukar raini, kowa a gidan hayarmu na unguwar Kwamba ya sani. Shi ya sa raina ya ɓaci da na fara jin sunana kullum da safe ta bango, daga ɗakin maƙwabciyata Rifkatu, wadda Kirista ce. Wata uku ke nan ba ma ga-maciji, tun ranar da na watsar mata da wanki daga kan igiya na shanya nawa.

Ran Talata ina shara na ji ta sake cewa "Mas'uda". Na yar da tsintsiya, na banka ƙofarta ko sallama babu.

A durƙushe na same ta gaban gado, ita kaɗai, ido a rufe. Ba ta ko motsa ba.

"Ya Uba, ka warkar da ƙafar Mas'uda. Ka kai mijinta aiki Abuja lafiya, ka dawo da shi lafiya. Ni kuma ka cire mini haushinta daga zuciya."

Ciwon ƙafar nan ko mijina ban gaya wa ba.

"Ke! Wa ya sa ki?" na ce.

Ta buɗe ido. "Maman Nu'uman, ai ina ganin ɗingishinki a bakin famfo. Mu an koya mana, wanda ya cuce ka, shi za ka fara sawa a addu'a."

Na waiga in ga wa take nufi. Babu kowa a bakin ƙofar sai ni.