Kwas ɗin da Jumare Ya Yi a Scotland

Jumare bai taɓa taka ƙasar Scotland ba, amma duk Bahaushen da ke Manchester da Birmingham zai iya rantse maka cewa can ya tafi kwas. Gaskiyar ita ce, kotu ta ƙwace masa lasisin tuƙi, ya ci gaba da tuƙa motarsa yana kai wa mutane kaya. Aka kama shi, aka ja masa kunne, ya sake. Alƙali ya gaji, ya tura shi gidan yari ya huta na wasu watanni.

Alhaji Ashafa ne ya ƙirƙiro kwas ɗin. Alhaji babban akanta ne a Birmingham, shi yake kama wa ƙungiyarmu ta Hausawa ɗakin taro, shi yake sayen ragon Sallah, kuma bai taɓa bari wani ya manta da hakan ba. Ranar da aka yanke hukunci ya kira Raki, matar Jumare, ya ce, "Rufin asiri ya fi komai. Duk wanda ya tambaya, kwas ya tafi." Raki ta yi godiya tana kuka. Kafin wata ya zagayo, Alhaji ya fara faɗa a taron suna cewa shi ya ɗauki nauyin karatun.

Kowa ya san gaskiya, ba wanda ya furta. Da Jumare ya dawo gidansa a unguwar Levenshulme ta Manchester, sai muka yi ta zuwa sannu da zuwa muna tambayarsa sanyin Scotland. Yakan ce, "Akwai sanyi," ya sunkuyar da kai. Wani ma har ya tambaye shi ko an ba su satifiket. Ni dai na tausaya masa, don mutumin da a da dariyarsa ke cika masallaci ya koma zama a sahun baya, ya fice kafin a shafa addu'a.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙuri'a. Gwamnatin ƙasar nan ta maido masa da tasa tun ranar da ya fito, har ya je ya yi zaɓen kansiloli a wata firamare, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Amma ƙungiyarmu ta fi gwamnati tsanani. Muna da doka cewa duk wanda aka taɓa ɗaurewa ba ya zaɓe har abada. An kafa ta ne tun shekarun baya don a tare mutum ɗaya, wanda tuni ya koma Kaduna ya bar mu da ita.

Da zaɓen shugaba ya matso, Alhaji ya tsayar da surukinsa, Injiniya Zaid, Manchester kuma ta tsayar da Malam Abdulhafiz, wanda ya daɗe yana digirin digirgir har yaran da ya tarar a goye sun shiga jami'a. Alhaji ya zo har falon Jumare da kwalin dabino.

"Kai ɗalibi ne, dokar nan ba ta shafe ka ba," in ji shi. "Ka zo ka yi voting ɗinka hankali kwance. Ka dai san inda za ka tsaya."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Jumare. Bayan tafiyarsa Raki ta ce, "Abban Amal, don Allah ka bi shi a hankali. Mutumin nan ya rufa mana asiri." Jumare ya ce ya ji, ya tura mata dabinon.

Ranar zaɓe aka taru a wani ɗakin taro kusa da Stockport Road. Alhaji ya yi hayar babbar mota ta kwaso mutanen unguwannin Lozells da Ladywood na Birmingham kyauta, har da waɗanda ba mu taɓa gani ba, ciki da wani da ya tambayi na kusa da shi ko bikin waye. An raba shinkafa da kaza a robobi tun kafin a fara, kowace roba da hoton Injiniya Zaid a murfinta. Matan Birmingham ne suka wuni suna dafawa, amma Alhaji aka yi wa tafi.

Mu ba ma yarda da akwati, don an taɓa yin zaɓen da ƙuri'u suka fi mutane yawa. Ƙato bayan ƙato muke yi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so a ƙirga shi ido na ganin ido. Alhaji ya fi kowa son tsarin nan, ya ja kujera ya zauna daidai tsakiya da carbinsa yana duban wanda ya ci kazarsa.

Dakta Saudatu ce mai ƙirga. Likita ce, ba ta da wasa, tana duban mutum kamar ta riga ta san hawan jininsa. Ta ce a yi layi. Raki ta tsaya bayan Injiniya Zaid. Jumare ya miƙe, ya ajiye robarsa a kan kujera ba tare da ya buɗe ba, ya wuce ta gaban Alhaji, ya tsaya bayan Malam Abdulhafiz.

Carbin Alhaji ya tsaya. "Dakta," ya ce, "point of order. Akwai wanda bai cancanci zaɓe ba a layin can."

"Wa ke nan, Alhaji?"

"An san shi."

"Ni ban san shi ba. A kan wane dalili?"

Nan fa Alhaji ya shiga uku. In ya ce gidan yari, to wane karatu ya ɗauki nauyi? Ya yi gyaran murya, ya gyara hula, ya ce akwai irin kwas ɗin da in mutum ya yi shi, ya kamata ya ɗan dakata da harkar zaɓe. Wani daga baya ya tambaya ko har da masu digiri na biyu. Dariya ta so ta ɓalle, kowa ya danne ta da kaza.

Da Jumare ya yi shiru, da an ƙirga shi an wuce, don ba mai bakin faɗa. Sai ya fito daga layin.

"Jama'a, ban je Scotland ba," ya ce. "Prison na je. Na yi tuƙi bayan an hana ni, aka ɗaure ni, na gama, na fito. Na gaji da ba ku labarin sanyin garin da ban sani ba. In za ku ƙirga ni, ni za ku ƙirga, ba wani ɗalibi ba."

Raki ta rufe fuska da mayafi. Wallahi na ji kunya ta kama mu duka, mu da muka sha tambayarsa sanyin Scotland.

Dakta Saudatu ta ce, "Doka ta hana ni ƙirga ka, Malam Jumare. Amma taron nan ne ya yi dokar, shi zai iya cire ta. Wanda ya yarda a cire, ya tsaya bayansa."

Alhaji ya dubi agogo, ya ce wa iska, "Direban babbar motar dai ya ce ba zai jira kowa ba."

Mutanen Birmingham suka dubi robobinsu, suka dubi ƙofa. Raki ce ta fara motsi. Ta sauke mayafin, ta ratsa tsakiyar ɗakin, ta tsaya bayan mijinta. 'Yan Manchester suka bi, su da ma da ƙafa za su koma gida. Duk da haka layin bai kai ba. Sai wata dattijuwa daga Lozells, Hajiya Fauziyya, wadda har yanzu hannunta ke ƙanshin albasa, ta miƙe ta ce, "Jirgin ƙasa bai mutu ba. Mu da muka dafa, mu tashi." Matan suka taso gaba ɗaya, mazansu suka biyo su suna kauce wa idon Alhaji.

Aka cire dokar. Kada ka ɗauka mun zama waliyyai, don da aka koma zaɓen shugaba kowa ya tuna da motar, layin Injiniya Zaid ya kai har bakin ƙofa ya lanƙwasa. Malam Abdulhafiz ya sha ƙasa tun kafin a fara ƙirga, ya tsaya yana murmushin dole.

Jumare ne na farko a bayansa. Dakta Saudatu ta zo, ta nuna shi da biro, ta ce, "Ɗaya," za ta wuce.

"Dakta," in ji Jumare, hawaye na gangaro masa har gemu, "don Allah ki sake faɗa, ban ji ba."

Ya ji sarai. Ta dube shi, ta juyo ta fuskanci jama'a, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Malam Jumare. Ɗaya."